Ranar da Na Yi wa Samake Kirari

Salamu alaikum, masu bin labarina. Yau ba wanda zan ɗora wa laifi, da bakina na jawo wa kaina, a lokacin kuma saura kwana uku a kawo gorona.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce Masitan Jara, a gida Sitan. Kullum ina bayan kanta a wani shagon magani a Badalabugu, nan Bamako, ina karanta rubutun likitocin da ko su ba sa iya karantawa. Ranar Alhamis da la'asar kuwa sai in cire farar riga, in hau jakartata, ɗan babur ɗina, in tsallake gada zuwa wani ɗaki a Lafiyabugu da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai. A can nake waƙa, ni da maza uku da ba su san wani abu wai shi gwaji ba. Dirisa Tarawele yana kan ganguna, wani lokaci da sanduna, wani lokaci da sarƙar keke. Zumana yana kan jitar lantarki, ya soka cokalin shayi tsakanin tsirkiyoyinta don ta riƙa kuka kamar ƙofar da ba ta ga mai ba. Na ukunsu tsoho ne, Jeli Mori Sumano, da 'yar ngoninsa, garayarmu ta nan, da ya jona wa wayar lantarki, idan ya taɓa ta sai ka rantse tirela ce ke hawan tudu.

Dokarmu ɗaya ce. Ba mai gaya wa kowa abin da zai kaɗa. Jar fitilar ɗaukar murya ta kama, a fara, a yi ta tafiya har wani ya tsaya. Abin da ya shiga ya shiga, ba a yankewa, ba a sakewa. Idan ba ka so, kana da ikon ka ce a zubar da waƙar gaba ɗayanta, amma ba ka da ikon cire ko tari ɗaya daga cikinta. Wata takwas muna haka, mun tara waƙa bakwai, muna neman ta takwas mu rufe albam ɗin, ranar Asabar a tura wa masu fitarwa.

Baba ya san ina zuwa. Da na fara, ya saurari minti ɗaya ya ce, "Wannan kiɗan rok ɗin naku, rashin lafiya ne ko sana'a?" Amma ya bar ni, da sharaɗi guda: "Ki yi hayaniyarki, Sitan. Sai dai mu ba gidan jeli ba ne, ba maroƙa ba ne. Mu ake yi wa kirari, ba ma yi wa kowa. Ranar da na ji kin ɗaga murya kina jera kakannin wani, ranar kin gama."

Na ce, "Baba, wa zan yi wa kirari a cikin wannan ƙarar?"

Ku riƙe wannan amsar tawa, jama'a, don kunyarta nake ji har yanzu.

Namori Samake kuwa, a ɗakin nan na same shi. Ya zo kafa mana faranti mai ɗaukar hasken rana saboda wuta na yawan ɗaukewa muna tsakiyar waƙa. Aikin yini biyu ne, ya yi sati uku yana dawowa duba waya ɗaya. Dogo ne, ba ya son magana, idan ya yi dariya sai ya kalli ƙasa kamar ya yi laifi. Yanzu an sa Lahadi za a kawo goro goma na tambayar aurena daga gidansu zuwa gidanmu. Wanda zai ɗauko goron kuma ba kowa ba ne sai Jeli Mori, don gidansu ne jelin Samake tun kaka da kakanni.

To, ranar Alhamis ɗin nan na shiga da atamfata mai ruwan ganye, ɗankwali a hannu saboda zafi. Dirisa na ganina ya buga faifan ƙarfe.

"Ga baiwata ta iso! Jara, yau ma wake kika ci? Ku buɗe taga kafin ta fara."

"Tarawele, duk waken Bamako a cikinka yake kwana. Gangar ma ba kai kake kaɗawa ba, cikinka ne."

Jara da Tarawele abokan wasa ne, tsakaninmu ba a fushi, ko me aka faɗa. Jeli Mori yana gefe yana ɗaure tsirkiya, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Amaryarmu, muryar tana nan, ko Namori ya tafi da ita?"

Na rufe fuska da ɗankwali. Jar fitila ta kama.

Minti uku na farko ba komai, laluben juna muke. Zumana yana jan wani dogon kuka, Dirisa yana zuba sarƙa a kan fata kamar tsakuwa a kwano, ni ina gunji ba kalma. Can sai tsohon nan ya sulalo da wani ɗan kiɗa ta ƙarƙashi, a hankali, kamar mai leƙe. Na gane shi nan take. Taken Samake ne, wanda na ji ana yi a bikin ƙanwar Namori har mata suna ɗaga gyale. Na dube shi, ya kashe mini ido. Tsokana ce kawai, so yake in yi dariya in ɓata waƙar.

Ban yi dariya ba. Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na kira Samake, na kira kakan farko, na kira na biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya yadda kunnena ya riƙe. Dirisa ya yar da sarƙa ya ɗauki sanduna. Jitar Zumana ta tashi kamar guguwa. Ni kuma ina sama da su duka, ina jera mutanen da ban taɓa gani ba har na sauko kan Namori, na riƙe sunansa na ƙi saki. Da muka tsaya, agogon na'ura ya nuna minti goma sha ɗaya. Zumana, da ko a jana'iza ban ga ya yi hawaye ba, yana share ido da bayan hannu.

Dirisa ya ce a hankali, "Albam ya ƙare. Wannan ce kansa."

Sai a lokacin muryar Baba ta dawo mini. Na dubi Jeli Mori, na ga ya daina murmushi.

"'Yata," ya ce, "ni wasa na yi."

"Na sani, Jeli."

"Ke kuma ba wasa kika yi ba."

Da abin ya tsaya a ɗakin nan, da na yi shiru na ce a zubar. Amma Tarawele ai Tarawele ne. Juma'a da safe, ina auna wa wata mata maganin tari, wayata ta fara rawa a aljihu. Dirisa ya yanki daƙiƙa talatin ya ɗora a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: "Baiwata ta girma." Daidai wurin da nake jera kakannin Samake har na sauko kan Namori.

Saƙon ƙawata ne ya fara shigowa: "Sitan ke ce?? Tsigar jikina ta tashi!"

Na biyu daga 'yar baffana: "An tura a zauren dangi. Ki shirya."

Na uku daga Namori: "Ba ta ji." Ba ɗin nan mahaifiyarsa ce, Ba Nantene, matar da ko gaisuwa sai ta auna take amsawa.

Na shige bayan kwalaye na kira shi. "Me ta ce?"

"Ta saurara sau biyu."

"Namori, me ta ce?"

"Ta ce ita a saninta gidan Jara za a kai goro. In gidan jeli ne, a gaya mata tun da wuri ta canja shadda."

Na zauna a kan kwalin ledojin ƙarin ruwa.

"Kai fa?"

"Ni na saurara sau goma sha tara," ya ce. "Ina kan rufin wani mutum, saura kaɗan in faɗo. Ba wanda ya taɓa kiran sunana haka, Sitan."

Ku gaya mini, jama'a, mutum ya yi kuka ne ko ya yi murna? Na yi duka biyun, mai maganin tari tana jirana.

Na kira Dirisa na zazzage masa duk abin da ke bakina, wannan karon ba na wasa ba. Ya cire abin daga shafinsa, ya ba ni haƙuri har sau uku, abin da Tarawele bai taɓa yi wa Jara ba. Sannan ya ce, "Doka tana nan. Kika ce a zubar, mun zubar, ba mai yi miki ƙorafi. Amma kafin la'asar ɗin gobe nake son amsa."

Da na koma gida, Tene Kaja, yayar Baba, tana zaune a tsakar gida a kan kujerar roba, ta sha galila mai ruwan shuni da ko ninkin guga bai sake ta ba. Idan Tene ta saka wannan shaddar ba biki ba suna, to shari'a ce. Ba tawa, wato mahaifiyata, tana bakin murhu tana juya miyar gyaɗa, ta ƙi ɗagowa.

"Ga jelin gidanmu," in ji Tene. "Zo ki yi mini nawa, in ga ko ina da canji."

"Tene, ina wuni."

"Da ban wuni ba za ki gan ni? Shekara sittin da uku ina Jara, ban taɓa jin an tura muryar 'yarmu waya zuwa waya tana roƙo ba. Ki goge. Ki ce ba ke ba ce, ki ce na'ura ce, ai yanzu na'ura tana komai."

"Ni ce, Tene."

"Na san ke ce, marar kunya, hanya nake nuna miki!"

Baba kuwa ko kallona bai yi ba ranar. Ya dawo daga masallaci, ya ci tuwonsa, ya wuce ni kamar turmi. Wannan ya fi mini zagin Tene ciwo.

Asabar da hantsi na yanke shawara. Kowa ya yi hukunci a kan daƙiƙa talatin. Idan za a yanka ni, a yanka ni a kan duka. Na ɗauki 'yar lasifikata, na same shi a ƙarƙashin mangwaro yana haɗa shayi, Tene a gefensa tana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi laifi. Na durƙusa.

"Baba, na karya sharaɗinka. Ban zo musu ba. Ina roƙon ka ji ta daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka faɗi abin da za ka faɗa."

Ya ɗaga butar shayi sama, ya tsiyaya, ya mayar. "Minti nawa ce?"

"Sha ɗaya."

"La'ilaha. Kunna."

Da sarƙar Dirisa ta fara, Tene ta ce, "Injin niƙa ne ya lalace?" Da jitar ta shigo ta ce, "A'a, akuya ce aka taka." Baba ya ɗaga mata hannu. Ngoni ta sulalo, na ga girarsa ta motsa, ya gane taken. Sai muryata. Ban iya kallonsa ba, na kafa ido a kan gawayi. Shayin ya tafasa ya zubo a wuta, bai sauke ba. Mahaifiyata ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Har aka kai inda na riƙe sunan Namori, aka sauka, aka yi tsit.

Baba ya sauke butar da ta ƙone.

"Jeli idan ya yi kirari," ya ce, "akwai abin da yake so a ba shi. Ke me kike so a ba ki?"

Na sunkuyar da kai. Wa zai amsa wa ubansa wannan?

Tene ce ta yi tsaki. "Kai ma dai, Bakari. Ba ka ji yadda ta shaƙe sunan yaron ba? Ɗansu take so a ba ta."

Mahaifiyata ta yi wata 'yar dariya ta koma madafa da gudu. Baba ya shafa gemu, ina ganin yana kokawa da bakinsa.

"Na hana ki, kin yi. Gogewa ba za ta mayar da shi ba a yi ba. Ba zan ce ki goge ba, ba zan ce ki bari ba. Amma ƙannena uku za su zo gobe su zauna jiran goro. In bai zo ba, ke za ki shigo gabansu ki yi bayani, ba ni ba."

"Na yarda, Baba."

"Kuma wancan mai jitar, a kai shi asibiti."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, wayar a hannuna. Idan na ce a zubar, watakila Ba Nantene ta huce. Watakila. Amma zan shiga gidansu a matsayin wadda ta faɗi abin da ke ranta sau ɗaya a rayuwa, ta dawo ta ce ba ta faɗa ba. Na rubuta wa Namori: "Zan bar ta a albam. Ka yafe mini in ta jawo mana." Ya amso kafin in ajiye: "In kika goge ni zan yi fushi. Ina da ita a waya ta wata hanya." Wato Dirisa ya tura masa. Na rubuta wa Tarawele kalma uku: "A bar ta." Ya aiko mini hoton kwanon wake.

Lahadi. An share tsakar gida tun asuba, an shimfiɗa tabarmi biyu a falo, mahaifiyata ta dama dege, irin furarmu ta gero da nono, ta cika kula da ruwan citta. Baffannina uku suka iso ƙarfe goma cikin manyan riguna. An ce goro zai zo sha ɗaya. Ni ina ɗakin Ba, a bayan labule, da doguwar riga ruwan goro da na ɗinka musamman, yanzu ina jin kamar tsokana ce na ɗinka wa kaina.

Sha ɗaya ta wuce. Sha biyu ta wuce. Ƙanƙarar kula ta narke. Baffa ƙarami ya fara duba agogo yana tari. Aka yi azahar aka dawo aka sake zama. Na tura wa Namori saƙo huɗu, ba ko ɗaya da ya buɗe. Tene ta leƙo ta ce, "Fara shirya bayaninki." Amma ta ajiye mini kofin dege a gefen gado kafin ta fita, abin da ba ta taɓa yi ba.

Biyu da kwata muka ji wata tsohuwar jakarta tana tari a ƙofar gida, sai murya ta cika unguwa: "Jara! Jara! Zakuna suna gida?"

Jeli Mori ne, cikin farar shadda, ƙunshin farar takarda a hannunsa. Na kama labulen da hannu biyu.

Aka yi gaisuwa mai tsawo, sai da aka tambayi lafiyar kowa har kaji. Sannan Baffa babba ya ce, "Jeli, ka makara."

"Na makara, Jara, don tun safe nake shari'a a gidan Samake. Ku bari in faɗa muku yadda aka yi, don da hannuna a ciki. Ni na shimfiɗa wa 'yarku taken nan a ƙarƙashin ƙafa, ta taka. In akwai tara, a kaina take." Ya gyara zama. "Na sami Nantene ta ɗaure fuska ta ce ba goron da zai fita. Na ce to, ba komai, amma ina da tambaya. Yau shekara arba'in ina yi wa gidan nan kirari, ubana ya yi, kakana ya yi. An taɓa kiran kakannin Samake a bainar jama'a, Samake suka naɗe hannu ba su ba da komai ba? Ta ce ba a taɓa ba. Na ce to an kira su ranar Alhamis, rabin Bamako ta ji, yau kwana uku ko allura ba ta fito daga gidan nan ba. In aka tambaye ni a kasuwa, me zan ce? In ce Samake sun talauce, ko in ce sun yi rowa?"

Baffa ƙarami ya tuntsire da dariya, Baffa babba ya harare shi.

"Ta ce a ba ta zane. Na ce 'yar Jara ce, ba ta karɓar zane. Ta ce a ba ta zobe. Na ce ba ta karɓa. Ta ce to me take karɓa? Na ce abu ɗaya ta riƙe a waƙar ta ƙi saki, ke ma kin ji, sau biyu kika saurara. Ta ce sau biyar." Ya kwance takardar, ya tura gaban Baffa babba. Goro goma, farare da jajaye, suna sheƙi. "Samake sun ce sun ga 'ya a gidanku, suna tambaya."

Ban ji sauran ba. Mahaifiyata ta rungume ni ta baya tana cewa in yi shiru kar a ji, ita kuma kukanta ya fi nawa ƙara. Abin da na tsinta shi ne muryar Baba yana cewa, "Jeli, ka gaya musu mun gani, mun riƙe. Za mu zagaya da shi wurin dangi." A gidanmu in aka ce an riƙe, an gama rabin tafiya.

Da la'asar baƙi suka watse. Ina cire ɗan kunne a gaban madubi wayata ta yi ƙara. Na zaci Namori ne. Baƙuwar lamba ce, saƙon murya, minti huɗu. Hoton da ke jiki na wata dattijuwa ce da ɗaurin kai kamar rawani.

Ba Nantene.

Na zauna a ƙasa. Na yi bisimilla na danna.

"Masitan." Muryar a bushe, kamar tana karanta takardar kotu. "Goro ya isa, na sani. Ba shi na kira ba. Kin tsallake kaka ɗaya tsakanin na uku da na huɗu, kuma mace ce, ita ta riƙe gidan nan shekara bakwai da fari ya kori maza. Shi ma Mori tsallake ta yake yi, na gaji da gaya masa. In za ki kunyata mu a duniya, ki kunyata mu daidai." Na ji ƙarar sakata, na ji ta ja kujera. Da ta dawo, muryar ta yi ƙasa sosai. "Rufe ƙofarki. In Namori ko Mori suka ji wannan, na san inda kike."

Na miƙa ƙafa na tura ƙofar.

Ta yi gyaran murya sau biyu. Sannan, jama'a, uwar Namori da kanta ta fara rera mini kirarin.